Na Je Madina Ɗauko Yaya Lawal

Laraba: Zariya zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Laraba Malam Garba direba ya danna hon a ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada, ni kuwa tuni ina zaune a kan akwati da carbi a hannu. Makarantar da nake koyarwa ta ba da hutun ƙarshen shekara, shi ya sa duk cikin 'yan'uwa tafiyar ta faɗo kaina. Kafin in fita na leƙa ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Idonta biyu. Shekararta tamanin da shida, ƙafa ta gaza, amma ba da umarni har yau bai gagare ta ba.

"Kulu, kin dai ji abin da na ce. Ki taho min da mutumin nan. Ba na son ya yi ta jinya a ƙasar mutane."

Mutumin nan shi ne Yaya Lawal, ɗanta na fari, wanda ba mu taɓa jin ta kama sunansa ba. Shekara ashirin da bakwai yana aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti a Madina. Wata biyar da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan, tana kwance a maƙabartar Baƙi'a, daga shi sai 'yarsa Safiyya, haihuwar can. An ba shi hutun jinya, kuma a makon farko na sabuwar shekara likitoci za su zauna su duba ko zai iya komawa bakin aiki. In ba zai iya ba, kwangila ta ƙare, takardar zama ta bi ta. Mu a gida ba mu jira likitoci ba, mun riga mun yanke cewa a ɗauko shi.

Mun yi sallar asuba a Tashar Yari. A Kwanar Dangora 'yan sanda suka haska mu da tocila, suka ga tsohuwar malama a ƙudundune, suka ce Allah Ya kiyaye hanya. Bakwai da kwata muna filin jirgin Kano. A nan na tafka wautar farko: na cire rigar sanyina na miƙa wa Malam Garba ya mayar min gida.

"Hajiya, ba za ki tafi da ita ba?"

"Saudiyya za ni, Malam Garba, ba Jos ba."

Ni da na yi aikin Hajji a tsakiyar zafi, har silifa ya nemi narkewa a ƙafata a Mina, wa zai gaya min labarin Saudiyya? Jirgi ya tashi sha ɗaya da minti ashirin, muka sauka Jidda wajen shida na yamma a agogonsu, wanda ya riga namu da awa biyu. Mai duba kaya ya buɗe jakata ya ci karo da daddawa da kuka da man shanu da garin kunu. Ya shinshina daddawar, ya ja da baya, ya tambaye ni da Larabci mene ne wannan. Na nuna masa baki da ciki. Ya rufe jakar da sauri ya ce in wuce.

Na kwana a wani ƙaramin masauki, riyal ɗari da tamanin, na ci shinkafa da rabin kaza. Jidda ɗumi ɗumi, har da na'urar sanyi na kunna, ina yi wa Malam Garba dariya a raina.

Alhamis: Madina

Jirgin ƙasa ya tashi takwas da minti biyar. Kilomita kusan ɗari huɗu ne, amma kafin in gama kallon duwatsu da raƙuma ta taga, goma ba ta cika ba mun iso. Ina fitowa daga tasha wata iska ta mare ni, ta ratsa atamfa da mayafi kamar ban sa komai ba. Haƙorana suka fara haɗuwa.

Wanda aka turo ya ɗauke ni wani dattijo ne mai tasi, Malam Adam, Bahaushen Anjamena da ya shekara talatin a Madina. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Marhaba, Hajja. Ke ce gwaggon Safiyya? Haka kika zo a cikin shita?"

"Mece ce shita?"

"Hunturunmu mana. Duk shekara mutanen Najeriya haka suke zo mana, rabinsu a mustashfa, asibiti ke nan, suke ƙarewa da tari. Shiga, shiga, in kunna miki zafi."

Minti ashirin ya kai mu unguwar Ƙurban. Gidan Yaya a hawan ƙasa yake, a wani layi mai shiru, kuma daga tagar falo ana hango hasumiyoyin masallacin Ƙuba. Na same shi a kujera, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, gemu ya yi fari fat. Yaya Lawal da ya goya ni ya kai ni makarantar allo! Na durƙusa na gaishe shi, hawaye ya ƙwace min.

"Kulu, sarkin kuka. Kin zo lafiya? Ya Inna?" Maganar tana fita a hankali, amma ana ganewa.

Safiyya ta rungume ni, ta ji yadda nake karkarwa, ta shiga ɗaki ta ɗauko min farwa, wata doguwar alkyabba mai gashi a ciki da suke sawa da sanyi. Shekararta ashirin da biyar, ta karanci aikin gashi da motsa gaɓɓai, tana aiki a wani ƙaramin asibiti. In ka yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, ta ɗan tsoma kalma ɗaya ko biyu ta Hausa. Na ji ta shiga raina, na minti goma.

Sai ta kawo gahawa da dabino. Ta zuba wa ubanta a ɗan finjali, ta ajiye a kan tebur ta gefensa na dama, gefen da ya shanye, ta koma ta tsaya, hannuwanta a baya. Yaya ya miƙa hannu yana rawa. Ya kama finjalin, ya ɗaga, gahawa ta zube a jallabiyarsa. Yarinyar nan ko gezau. Ta sake cikawa ta ce, "Marra tanya, Baba." Wato a sake.

Raina ya yi mummunan ɓaci. Na tashi na fizge finjalin na kai masa baki da hannuna.

"Sha, Yaya. Sannu. Ai na zo."

Ya sha, ya lumshe ido. Safiyya ta dubi furfurata, ta ja da baya.

Juma'a zuwa Talata: jinya irin ta gida

Ran Juma'a na je na yi wa Manzon Allah sallama, na tsaya ta wajen katangar Baƙi'a na yi wa matar Yaya addu'a. Daga nan na ɗaura ɗamarar abin da ya kawo ni. Mu dai yadda muka tashi muka gani, mara lafiya ba ya ɗaga ko tsinke. A zuba masa ruwan alwala, a sa masa riga, a ba shi a baki, in ya motsa a ce sannu, in ya yi tari a ce sannu. Haka muka yi jinyar mahaifinmu, haka aka yi ta kakarmu, kuma duk wanda ya bar babba yana fama da kansa a gabansa, an san sunan da ake kiransa da shi.

Safiyya tana fita aiki bakwai na safe, ta dawo uku. Awa takwas ɗin nan nawa ne. Na dama kunun tsamiya na ba shi da cokali. Na tuƙa tuwo da miyar kuka har maƙwabta Larabawa suka buɗe taga suna neman inda warin ke fitowa. Na ɓalla masa maɓallan riga, na sa masa safa, na ɓoye wata ƙwallon roba da take sa shi matsawa, don na ga fuskarsa tana yamutsewa in yana yi. In ya yunƙura zai je banɗaki da sanda, sai in tura masa kujera mai taya da na gano a bayan ƙofa. Yaya kuwa ya saki jiki. Har ƙiba ya fara yi a kumatu.

Lokacin hutu ne, 'yan Najeriya mazauna garin suka yi ta zuwa dubiya da iyalansu, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, yara suna ta Larabci, iyaye suna ta Hausa. Wani likita ɗan Katsina ya ga ina ba Yaya shayi, ya matso ya ce a hankali, "Hajiya, da kin bar shi ya riƙe da kansa." Na yi masa kallon da nake yi wa ɗalibin da ya zo a makare, ya koma ya zauna.

Ran Talata da yamma na kira Inna daga kicin. Na gaya mata mutumin nan yana samun kulawa yanzu, da ma rashin gata ne. Na ce yarinyar ba ta da tausayi, tarbiyyar ƙasar mutane ce, uba yana zubar da abu a jikinsa tana tsaye kamar soja. Safiyya tana gefena tana wanke kwanuka. Na ɗauka tunda da Larabci take amsawa, ba za ta kama Hausa mai gudu ba. Ban lura ta daɗe tana wanke faranti ɗaya ba.

Laraba: a kicin

Ta dawo aiki ƙarfe uku, ko abaya ba ta cire ba ta ɗauko riga mai maɓalli biyar ta sa wa ubanta, ta ce ya ɓalla. Ya yi ta fama da na farko. Yatsun suka ƙi. Ya ɗago ya dube ni, ni kuma har na taso. Safiyya ta riƙe hannuna ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

Ta fito da waya ta kunna min wani hoton bidiyo. Yaya ne, da rigar nan dai, yana ɓalla maɓallai ɗaya bayan ɗaya har biyar, yana dariya. Ta kunna wani: ga shi a layinsu da sanda, ya kai har ƙarshen layi ya juyo.

"Wannan kwana uku kafin ki zo, Gwaggo."

Da Hausa ta faɗa. Hausa mai tuntuɓe, mai ƙamshin Larabci, amma ban taɓa jin wadda ta shige ni kamarta ba.

"Ke kina son Baba. Ni ma ina son Baba. Lakin hannu in ba ya aiki, yana mantawa. Wata biyar muna koya masa, kwana shida ya manta. Lajna saura kwana goma sha uku." Lajna ita ce zaman likitocin nan. "Kin ce ba ni da tausayi. Wallahi, Gwaggo, kullum in gahawa ta zuba, ina sa hannuna a baya ina riƙe shi da ɗayan, don kar ya je. Ba'den, daga baya, in shiga mota in yi kuka, in tafi aiki."

Shekara ashirin da shida ina koyarwa, kuma ba taron iyaye da zai wuce ban yi faɗa a kan masu yi wa 'ya'yansu aikin gida ba. Na sha gaya musu cewa wanda ya riƙe wa yaro fensir ya cuce shi. Ga ni na tsallako teku na zo ina riƙe wa yayana fensir, har ina kai ƙarar wadda ta fi ni sani. Kunya ta rufe ni. Na ce ta yafe min, na je na ciro ƙwallon roba daga ƙarƙashin katifata na ba ta. Ta dube ta, ta dube ni, sai dariya ta kama mu muna hawaye.

Alhamis: tambaya ɗaya

Da hantsi rana ta shigo ta taga, na jawo kujera na zauna gaban Yaya. Sai a lokacin na tuna cewa duk taron da muka yi a Zariya, ba wanda ya ce a tambaye shi.

"Yaya, Inna ta ce in taho da kai. Kai me kake so?"

"Kulu, na gaji."

"Ba ita na tambaye ka ba. Zariya ko Madina?"

Ya daɗe yana kallon taga.

"In na koma, za ku sa min kujera a zaure. Kowa ya zo ya ce sannu ya wuce. Ba wanda zai ƙara tambayata wane magani ya dace da wane. Haka zan zauna har a ɗauke ni." Ya juyo ya dube ni. "Uwar Safiyya tana nan. Yarinyar nan ba ta san ko'ina ba sai nan. Kuma tun da na zo garin nan, duk Asabar da safe nake yin alwala a gida in taka zuwa Ƙuba in yi raka'a biyu. Wata biyar ke nan ina kallonsa ta taga."

"To me ya sa ka bar ni ina ba ka a baki kamar jariri?"

Ya yi murmushi da rabin bakinsa. "Kunun da daɗi."

"Ashe ba gajiya ka yi ba, daɗi ka ji. To daga yau an rufe shago."

Da azahar na ajiye masa tuwo da cokali a gefen dama, na koma na tura hannuwana cikin farwa. Loma uku ta faɗi ƙasa kafin ɗaya ta kai. Ya ce, "Kulu, ke ma?" Na ce ni ma. Ban taɓa sanin tsayuwa kawai tana da wuya haka ba, sai da na ji kafaɗuna suna ciwo.

Kwanakin da suka biyo

Safiyya ta rubuta min abin da za a yi awa-awa, ni kuma in akwai abin da na iya a duniya, to sa mutum yin abin da ba ya so ne. Ƙwallo sau talatin bayan karin kumallo. Maɓalli. Tsintar wake daga faranti zuwa kofi. Rubuta sunayen magunguna a takarda, har shafi ya cika da wani abu mai kama da tafiyar kiyashi. Tafiya a layi ƙarfe goma, in sanyi ya ɗan saki. Rana ɗaya ya yi jifa da biro ya ce in koma garinmu. Na ce tikitina bai yi ba, ya ɗauko biron. Kalmar sannu ce ta fi ba ni wahala. Sau nawa tana zuwa bakina in haɗiye, in ce "saura biyar" a madadinta.

An yi ruwa kwana biyu a jere, irin na hunturunsu, siriri mai sanyi. Ran Laraba Malam Adam ya kai mu asibiti wajen gashi, da za mu dawo ya bi da mu ta Harra ta Yamma, ya tsaya a bayan gari inda gidaje suka ƙare. Ƙasar wurin baƙin dutse ce, ƙonanne, ba ka ce wani abu ya taɓa tsirowa ba. Amma a tsakanin duwatsun ga ciyawa nan ta leƙo, kore shar. Iyalai sun shimfiɗa darduma a gefen hanya da butocin shayi, yara suna guje-guje don hutu ne.

"Da zafi ka zo nan, ko ƙadangare ba ka gani," in ji Malam Adam. "Mutanen garin nan shita suke jira su fito. Sha madara da citta, Doktor, riyal biyar ce, ni na saya."

Yaya ya karɓi kofin da hannun dama. Ya zubar da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya sha sauran. Na zauna ina tunanin yadda a gida, ƙarshen shekara in ya zo, nake tsayawa gaban aji in ce wa 'yan mata kowace a cikinsu tana da abin da ba ta san tana da shi ba, su dawo da sabuwar niyya. Ina faɗa ne da gaske. Amma yayana, ina ganinsa a kujera na gama rufe littafinsa, saboda furfura da karkataccen baki. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Asabar: Ƙuba

Shi ya ce za shi. Ya yi alwala da kansa, ya jiƙe rabin hannun riga. Muka fita bakwai da rabi, sanyi har hayaƙi ke fita a baki. Daga gidan zuwa masallacin bai kai kilomita ɗaya ba, Safiyya ta ce a da minti goma yake yi. Mun yi hamsin. Sau huɗu yana tsayawa ya jingina da bango. Ni a hagu, ita a dama, ba mai taɓa shi.

A harabar masallaci muka rabu, don ƙofar mata daban. Wannan ne ban yi lissafi ba: daga nan shi kaɗai ne. Na shiga na yi raka'a biyu, Allah Ya yafe min, rabin hankalina yana waje. Na fito na samu Safiyya a wani gefe inda ake hango ƙofar maza, kamar taku ashirin.

Can sai ga shi ya fito, ya zauna a kan dakali. Saboda ƙafar da ke ja, ba ya iya sa silifa, sai takalmi sau-ciki mai maɗauri. Na hagu ya shiga. Na dama ya ƙi. Ya sunkuya, takalmin ya kife. Ya jawo shi da sanda, ya sake kifewa. Wani alhaji, daga hularsa na san ɗan gida ne, ya hango dattijo yana fama, ya rugo ya durƙusa ya kama ƙafar Yaya zai sa masa. Da makon jiya ne da na sa masa albarka har ya gaji da amin.

Na ga Yaya ya ɗora hannu a kafaɗarsa. Muryarsa ta iso inda muke.

"Na gode, ɗan'uwa. Bar ni da shi."

"Haba Baba, ai lada ne."

"Na sani. Yau dai bar min."

Mutumin ya ja da baya yana mamaki, ya waiwaya ya ga mu biyu a tsaye mun zuba ido, ya gane tare muke. Irin kallon da ya yi min, na san shi sarai, don ni na yi wa Safiyya irinsa ranar da na iso. Na ji zafinsa, na kuma tsaya inda nake.

Minti goma sha ɗaya, na duba agogo. Ya sa takalmin, ya ja maɗaurin da yatsun dama, ya dafa sanda ya miƙe. Da ya iso wurinmu gumi yake yi a cikin wannan sanyi. Cewa ya yi yunwa yake ji, a nemo masa tamis da ful, gurasa da dafaffen wake irin nasu.

Talata zuwa Juma'a: lajna da haramar gida

Likitoci uku suka zauna da shi awa ɗaya da rabi, muna waje a benci. Ba su ce ya warke ba, don bai warke ba. Sun ce ya koma aiki rabin yini, a zaune, yana duba takardun magani kafin a bayar, bayan wata uku su sake dubawa. Ya fito da takardar a hannun dama, Safiyya ta faɗa jikinsa a gaban mutane.

Inna ta kira da yamma ta ce yaushe za mu taso. Na ce, "Sai na zo, Inna." Ni mai bakin nan, na kasa gaya mata a waya.

Ran Laraba na yi sallama da su. Yaya ya rako ni har bakin mota da ƙafarsa, ya ce in gaya wa Inna ta yafe masa. Malam Adam ya tsaya da ni a Abyar Ali na ɗauki harami, ya sa ni a motar Makka. Awa biyar muka yi. Na yi Umara, na kwana biyu, Juma'a da safe na sauka Jidda na hau jirgi.

Gida

Ƙarfe biyu da rabi na rana muka sauka Kano. Malam Garba ba da tasinsa ya zo ba, bas ya aro, an cire kujerar tsakiya an shimfiɗa katifa. Ya leƙa bayana.

"Hajiya, ina Alhajin?"

"Yana wurin aiki, Malam Garba."

Ya tada mota muka kama hanya. Mun shiga Zariya ana kiran magariba. A ƙofar zaure na ga an fasa dakali an yi gangara da sabon siminti don kujera mai taya. An yi wa ɗakin baƙi fenti. Ƙamshin dambun nama ya cika gida.

Inna tana kan darduma. Ta dubi ƙofa ta bayana, ta daɗe tana duba.

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Inna."

Na zauna a gabanta na ba ta labari tun daga finjalin gahawa, ban rage laifina ba ko kaɗan. Na janye abin da na faɗa a kan Safiyya. Na gaya mata abin da ya ce da bakinsa, da saƙon neman yafiya. Da na zo kan takalmi sai ta ɗaga hannu.

"Ke kina ina lokacin?"

"Ina tsaye, Inna. Ina kallonsa."

"Ba ki je ba?"

"Ban je ba."

Ta ja carbi ya kai goma. Na shirya wa faɗa, don na san na ci.

"Da ni ce da na kasa," ta ce. "Gara da ba ni na je ba."

Sai ta tambaya yaushe zai samu hutu. Na ce in aikin ya zauna, sai bayan wata takwas. Ta ce Allah Ya kai mu, a hankali, ta sake maimaitawa. Shekara tamanin da shida ba ta yi wa wata takwas kallon kusa, ni ma na sani, kuma ni ce na baro mata ɗanta a can. Wannan nauyin yana wuyana, ban kuma yi nadama ba.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Garba da Malam Adam, da likitan Katsina da na harara ba da hakkinsa ba, da 'yata Safiyya da ta koya wa tsohuwar malama aikinta. Ku kuma da kuka karanta, roƙo ɗaya nake yi: ku taya mu addu'a Allah Ya ara wa Inna kwana, ta ga ranar da zai shigo zauren nan da ƙafarsa.